Na faɗi kwas ɗaya a digiri na biyu na shari'a, wa'adina kuma ya kusa cika

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni lauya ce, ina haɗa aiki da karatun digiri na biyu a fannin shari'a. Digirin kiredit 180 ne (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas): kwasa-kwasai huɗu masu kiredit 30 kowanne, sai kundin bincike mai 60. Na ci uku da maki 64, 62 da 66. A na huɗu, wanda wajibi ne, na samu 46, makin ci kuwa 50 ne. Aikin gida kashi 40 ne kuma na samu 61, jarrabawa kashi 60 na samu 36. Gaskiyar magana an yi mini tiyata kwana tara kafin jarrabawar, na daure na shiga ban gaya wa kowa ba. Yau kwana takwas da fitowar sakamako. An ce ba zan miƙa kundi ba sai na ci wannan kwas, iyakar shekarun da aka ba ni kuma saura wata tara su cika. Malamin da ke duba kundina wata biyu ke nan bai amsa saƙona ba, kuma da na saka babi na biyu a Turnitin, manhajar da ke auna kamanceceniyar rubutu da na wasu, ta nuna kashi 34. Ƙawata ta ce in nemi a sake duba takardata, wani abokin aiki kuma ya ce in je in roƙi malamin kwas ɗin ya ƙara mini maki huɗu. Na rasa ta inda zan fara.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya.

A cikin duk lissafin da kika kawo, kwana takwas ɗin nan ne suka fi tayar mana da hankali. Jami'o'i kan ba ɗalibi ɗan gajeren lokaci ya ƙalubalanci sakamako, yawanci tsakanin ranakun aiki 10 zuwa 20 daga ranar da aka sanar da shi a hukumance, wasu kuma har ranakun hutu suke ƙirgawa. Idan lokacin ya wuce, kwamitin ɗaukaka ƙara zai iya korar takardar ƙararki ba tare da ya buɗe ta ba, kamar yadda kotu ke yi wa ƙarar da aka shigar a makare. Don haka yau, kafin komai, ki nemo ranar da ƙofar za ta rufe ki rubuta ta inda idonki zai riƙa gani.

Inda za ki same ta shi ne rubutattun ƙa'idojin karatu, kuma ba takarda ɗaya ba ce. Akwai ƙa'idojin jami'a baki ɗaya, akwai na makarantar karatun gaba da digirin farko, akwai na shirin digirinki, sannan ɗan littafin jagora da sashe ke raba wa ɗalibai. Idan suka saɓa wa juna, na sama ne ke rinjaye, kuma littafin jagora shi ne ya fi yawan zama tsohon yayi domin ba kullum ake sabunta shi ba. Ki kuma tabbatar bugun da kike karantawa shi ne ya shafe ki. A jami'o'i da yawa ƙa'idojin maki da matakin digiri na shekarar da ɗalibi ya shiga ne ke binsa har ya gama, amma tsarin ɗaukaka ƙara na shekarar da ake ciki ne ke aiki. Abin da sakataren sashe ko wani malami ya faɗa miki da baki, ko da zuciya ɗaya ya faɗa, ba zai tsaya miki a gaban kwamiti ba. Duk amsar da aka ba ki, ki nemi lambar sakin layin da ta fito daga ciki.

Sai ki bincika abu guda da zai iya sauƙaƙa miki komai: shin makin nan na wucin gadi ne, ko kwamitin jarrabawa ya riga ya zauna ya tabbatar da shi? Idan bai zauna ba, ba ki kai matakin ɗaukaka ƙara ba tukuna, kuma sau da yawa ana iya karɓar takardar uzuri a makare a sa ta gabansa kafin ya yanke hukunci. Wannan hanyar ta fi gajarta, sharuɗɗanta ma sun fi sauƙi. Idan ya zauna, to bakin alƙalami ya bushe a wannan matakin, sai ɗaukaka ƙara.

Shawarar abokin aikinki ki ajiye ta gefe ɗaya. Makin ya bar hannun malamin tuni. A tsarin da aka saba, wani malami na biyu ya duba, mai jarrabawa na waje ya ga samfurin takardun, an shigar da makin a rumbun jami'a. Malamin da ya canza shi yanzu ya jefa aikinsa cikin haɗari, ɗalibar da ta roƙe shi kuma za a iya tuhumarta da yunƙurin yin tasiri a kan mai jarrabawa. Ke lauya ce, irin wannan tabo yana iya bin ki har gaban hukumar da ke ladabtar da lauyoyi. Abin da ya halatta ki nema wajensa shi ne bayanin inda amsoshinki suka gaza, kuma wannan ki nema, za ki buƙace shi.

Ita kuwa shawarar ƙawarki da ɗan hankali a ciki, sai dai ba za ta kai ki inda kike so ba. Kusan kowace jami'a ta rubuta cewa ba a ƙalubalantar hukuncin ilimi na masu jarrabawa, wato ba za ki ce amsata ta cancanci fiye da haka ba. Inda ake yarda a sake duba takarda, makin yana iya hawa kuma yana iya sauka. Sannan ba maki huɗu kike nema ba. Kashi 40 na 61 ya ba ki 24.4, kashi 60 na 36 ya ba ki 21.6, jimla 46, lissafinsu daidai ne. Kafin ki kai 50 sai makin jarrabawar ya tashi daga 36 zuwa 43, kuma da wuya mai dubawa na biyu ya bambanta da na farko da maki bakwai a takardar da aka riga aka tantance. Abin da za ki iya nema ba tare da asarar komai ba shi ne a binciki kuskuren ofis: an duba duk shafukan, an haɗa makin kowace tambaya, an shigar da makin aikin gida yadda yake.

Hujjojin ɗaukaka ƙara yawanci uku ne: an saɓa ƙa'ida wajen gudanar da jarrabawa ko yanke hukunci, an nuna son kai ko ƙiyayya, ko kuma ɗalibi yana da uzuri mai ƙarfi wanda kwamitin bai sani ba, kuma akwai ƙwaƙƙwaran dalilin da ya hana shi faɗa a kan lokaci. Taki ita ce ta uku, kuma ƙafa biyu gare ta. Ta farko, cewa rashin lafiya ya taɓa ƙoƙarinki, ba za ta ba ki wahala ba. Tiyata kwana tara kafin jarrabawa ba ƙaramin abu ba ne, kuma makinki ma shaida ne: ɗalibar da ba ta taɓa sauka ƙasa da 60 ba, har a aikin gida na wannan kwas ɗin, sai ga 36 rana ɗaya.

Ƙafa ta biyu ita ce inda yawancin ƙararraki ke faɗuwa. Jami'o'i da dama suna da ƙa'idar cewa duk wanda ya shiga ɗakin jarrabawa ya shaida da kansa cewa yana da lafiyar rubutawa. Kwamitin zai tambaye ki me ya hana ki magana a lokacin. "Ban san akwai wannan tsarin ba" ba ya karɓuwa, balle daga bakin lauya. "Na ɗauka zan iya" ma ba ya isa shi kaɗai, domin sun sha ganin ɗaliban da ke jiran sakamako, in ya yi kyau su yi shiru, in ya ɓaci su fito da takardar asibiti. Abin da ke karɓuwa shi ne shaidar cewa halin da kike ciki ya taɓa ikonki na auna ko kin dace ki shiga. Zafin ciwo bayan tiyata, magungunan kashe raɗaɗi masu sa maye ko gyangyaɗi, rashin barci, duk suna iya yin haka, amma likita ne zai faɗa, ba ke ba. Ki koma wajen wanda ya yi miki aikin ko ya kula da ke bayansa. Takardarsa ta ƙunshi ranar kwanciya, ranar tiyata, ranar sallama, magungunan da kike sha a ranar jarrabawar, da ra'ayinsa kan yadda suke shafar natsuwa, tunani da zama na tsawon sa'o'i. Takardar da ta ce kawai "ba ta da lafiya" ba ta da nauyi. Kada ki matsa masa ya rubuta abin da bai gani ba. Jami'o'i kan tuntuɓi asibiti su tabbatar, kuma takardar bogi laifi ne da ya fi faɗuwa jarrabawa girma nesa ba kusa ba. Idan takardar ba za ta fito kafin wa'adin ba, ki shigar da ƙarar a kan lokaci, ki rubuta cewa shaidar likita na tafe da ranar da za ta iso.

Ki kula da abin da za ki roƙa. Kwamiti ba ya ƙara wa ɗalibi maki saboda rashin lafiya, domin ba shi da hanyar sanin abin da da kin samu. Abin da yake iya yi shi ne ya soke wancan zaman kamar ba a yi ba, ya bar ki ki rubuta a matsayin karon farko. Ki roƙi wannan a fili, a zaman jarrabawa mafi kusa, ki haɗa da roƙon a tsawaita miki rajista gwargwadon lokacin da kika rasa, da izinin ci gaba da aikin kundi kafin nan.

Wataƙila ki ce, tun da ko ta yaya sake rubutawa zan yi, me ya kai ni wahalar ƙara? Bambancin yana da girma. Wanda ya faɗi ya maimaita, a mafi yawan wurare ana ƙayyade makinsa a kan makin ci, ko 75 ya samu 50 za a rubuta masa. Mu ɗauka tsarin jami'arki irin na Birtaniya ne, kamar yadda kiredit 180 ɗin ke nunawa, inda 50 ne ci, 60 matakin yabo, 70 matakin zarra. Idan aka ƙayyade ki a 50, sai kundinki ya samu 59 kafin matsakaicin makinki ya kai 60. Idan ba a ƙayyade ba kuma kika samu 63, kusa da abin da kika saba, 53 ma ya ishe ki. Wasu jami'o'in ma hana matakin yabo suke yi gaba ɗaya ga wanda ya taɓa maimaita kwas. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yawan damar da ake bayarwa. Galibi sau biyu kacal ake barin ɗalibi ya gwada kwas. Idan ƙararki ta yi nasara kina da dama biyu a gaba, idan ba ki shigar ba saura ɗaya, kuma faɗuwa a cikinta na nufin sallama daga digirin.

Duk da haka kada ki zauna jiran hukunci. Ɗaukaka ƙara ba ya dakatar da sakamakon da aka bayar, kuma yana iya cin wata biyu ko uku. Ki yi rajistar maimaita jarrabawar yanzu, ki rubuta ta idan lokacinta ya zo. In hukunci ya fito daga baya ya goyi bayanki, sai a cire ƙayyadewar a bar miki ainihin makinki. Ki tambaya a rubuce ko jarrabawar kaɗai za ki sake ko har da aikin gida, ko 43 ya isa ko sai kin samu 50 a ita kanta jarrabawar, kuma manhajar karatun bara za a bi ko ta bana. A fannin shari'a wannan tambaya ta ƙarshe ba wasa ba ce, domin doka na iya canzawa ko babbar kotu ta yanke sabon hukunci tsakanin zama biyu. Ki kuma bambance maimaita jarrabawa da maimaita kwas. Na biyun yana nufin komawa aji zango guda da sabon kuɗin makaranta, kuma wata taranki ba lallai su ɗauke shi ba.

Akwai wata ƙofa ƙarama da ya kamata ki leƙa. Jami'o'i da yawa suna yafe faɗuwa ta kusa, tsakanin 40 da 49, a kiredit kaɗan, idan matsakaicin makin ɗalibi ya haura 50. Sau da yawa ba a yi wa kwas na wajibi wannan rangwamen, amma wajibi iri biyu ne: wanda dole ki ɗauka, da wanda dole ki ci. Ki duba wanne ne naki. Ko da ya samu, 46 ɗin zai zauna a takardar sakamakonki ya kuma shiga lissafi, don haka in kina da niyyar digiri na uku ki yi tunani kafin ki karɓa.

Yanzu batun wata tara. Ki fara gano abin da ke tsayar da agogon: ranar da kika miƙa kundi, ko ranar da majalisar jami'a ta amince da sakamakon ƙarshe? Idan na farko ne, kina da sarari. Idan na biyu ne, ki ƙirga daga ƙarshe ki dawo baya. Masu jarrabawa kan ɗauki mako huɗu zuwa takwas suna karatu, sai kare kundi inda ake yin sa, sai gyare-gyare da kan ci wata ɗaya zuwa uku, sai jiran zaman kwamiti, wanda ba kowane wata yake zama ba. Da wannan lissafin, wata taranki na iya komawa huɗu ko biyar na rubutu. Shi ya sa muke ganin ki nemi ƙarin wa'adin rajista tun yanzu, da wannan takardar likitan, kada ki bari sai saura mako biyu. Rajistar da ta riga ta mutu ta fi wuyar farfaɗowa fiye da wadda ake neman tsawaitawa.

Jingine karatu na ɗan lokaci wata hanya ce, amma ki taka a hankali. A wasu jami'o'in lokacin jinginewa ba ya shiga lissafin iyakar shekaru, a wasu yana shiga, wanda ke nufin kin ƙona watanni ba tare da malami ko laburare ba. Da wuya kuma a yarda a mayar da shi baya ya rufe lokacin da ya wuce. Idan akwai mai ɗaukar nauyin karatunki, ko kina kan bizar ɗalibi, jinginewa na iya taɓa su. Ki tabbatar kuma ba a bin ki bashin kuɗin makaranta, domin yana hana rajistar jarrabawa da sakin sakamako.

An ce ba za ki miƙa kundi ba, ba a ce kada ki rubuta ba. Ki ci gaba. Idan a tsarin bincikenki akwai hira da alƙalai, lauyoyi ko fursunoni, sai kin samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki yi wa kowa tambaya ɗaya, kuma bayanan da aka tattara kafin amincewar ba a karɓarsu. A halin da kike ciki, ra'ayinmu ki taƙaita kan nazarin dokoki, hukunce-hukunce da rubuce-rubucen masana. Ki duba iyakar kalmomi, ko bayanan ƙasan shafi suna cikin ƙirga, domin a kundin shari'a suna iya cinye dubban kalmomi, da kuma hukuncin miƙawa a makare.

Shirun malaminki ba abin da za ki ci gaba da haƙuri da shi ba ne, kuma girmama shi bai hana ki bin haƙƙinki ba. Ki aika masa imel gajere cikin ladabi, ki ambaci ranakun saƙonninki na baya, ki faɗi ranar da rajistarki za ta ƙare, ki roƙi abu ɗaya takamaimai: ganawa cikin kwana goma, ko sharhinsa a kan babi na biyu. Idan bai amsa ba, ki rubuta wa jami'in da ke kula da shirin digirin, bayansa shugaban sashe, kina neman a haɗa ki da malami na biyu ko a canza miki. Ba sai kin zarge shi da komai ba, mai yiwuwa shi ma rashin lafiya ko hutun bincike ya ɗauke shi, ranakun kaɗai sun isa su yi magana. Dalilin yin haka yanzu shi ne ƙa'idoji da yawa sun ce ba a karɓar ƙorafin rashin kulawar malami bayan sakamakon kundi ya fito, matuƙar ɗalibi bai ɗaga maganar ba lokacin da ake iya gyarawa. Kada kuma ki cusa wannan a cikin takardar ɗaukaka ƙararki. Ƙorafi a kan hidima daban, ƙalubalantar sakamako daban, kowanne da teburin da yake zuwa.

Kashi 34 na Turnitin kada ya hana ki barci kafin ki buɗe rahoton. Ita manhajar, kamanceceniyar rubutu take aunawa, ba satar fasaha ba, kuma rubutun shari'a cike yake da sassan dokoki, sunayen ƙararraki da kalaman alƙalai da ba a canza musu ko harafi. Ki sa ta cire abin da ke cikin alamar ɗauko magana da jerin manazarta, ki ga abin da ya rage. Kashi ɗaya-ɗaya daga wurare talatin ba damuwa ba ne. Kashi takwas ko goma daga maƙala guda, a jere, shi ne matsala, haka ma sakin layin da aka sauya wa kalmomi aka bar tsarin tunanin mai shi ba tare da ambatonsa ba. Idan kin ɗebo daga aikin gidan da kika taɓa miƙawa aka ba ki maki, wannan ma laifi ne a yawancin jami'o'i sai da izini. Ki tabbatar kwafin da kika saka bai shiga rumbun manhajar ba, in ba haka ba kundinki na ƙarshe zai yi karo da kansa. Ki bi salon ambaton da sashenki ya zaɓa, OSCOLA ne ko Bluebook ko nasu na gida, da lambar shafi ko sakin layi a kowane wuri. Manhajojin juya kalmomi ki nisance su, ki kuma karanta abin da jami'arki ta ce game da amfani da ƙirƙirarriyar basira, musamman da yake takan ƙirƙiro hukunce-hukuncen da ba a taɓa yankewa ba.

Idan abubuwa ba su tafi yadda ake so ba, ba za ki tashi a tutar babu ba. A tsarin kiredit 180, mai 60 yakan cancanci takardar shaidar gaba da digiri, mai 120 kuma difloma, ke kuwa kina da 90 a hannu. Sai dai kada ki sa hannu a karɓar ɗayansu alhali ƙararki ba ta ƙare ba, domin karɓa kan rufe rajista. Idan matakin farko ya ƙi, yawanci akwai mataki na biyu na sake nazari, shi ma da nasa gajeren wa'adin. Bayan shi ki nemi takardar da ke nuna kin ƙure hanyoyin cikin gida. A Ingila da Wales, alal misali, da ita ake zuwa ofishin mai sasanci mai zaman kansa na manyan makarantu cikin wata 12, wasu ƙasashen kuma suna da makamancinsa. Kotu ma takan so ta ga an bi waɗannan matakan kafin ta saurari ɗalibi, kuma ita ma ba ta sake ba takarda maki.

Takardar ƙarar kanta kada ta wuce shafi biyu: hukuncin da kike ƙalubalanta da ranarsa, sakin layin ƙa'idar da kika dogara da shi, abin da ya faru bi da bi da ranaku, dalilin da ya hana ki faɗa a lokacin, jerin shaidu masu lamba, sannan abubuwa ukun da kike roƙo. Idan akwai fom na musamman, ki cike shi ko da kin haɗa da wasiƙa. Ƙungiyar ɗalibai a jami'o'i da yawa tana da mai ba da shawara kan irin wannan, ki ba shi ya karanta kafin ki miƙa. Ki aika ta adireshin da ƙa'idar ta ambata daga imel ɗinki na jami'a, ki nemi shaidar karɓa mai ɗauke da kwanan wata, ki ajiye kwafin komai.